Shekara Biyar Kaka Manu Bai Ci Girkina Ba

Ku da kuka san Kaka Manu ba sai na faɗa muku ba: bawan Allahn nan bai taɓa wuce abu mai huda bai zura masa yatsu uku ba. Taru ne, kwando ne, akurkin kaji ne, wayar tagar ofishin duwan ce, wato kwastan, sai ya ja birki ya haɗe yatsun nan ya gwada. In sun shige ya ce, "Madalla, ɗan halas." In sun ƙi ya ja tsaki ya ce, "Makashin jarirai." Shi ke nan an gama shari'a, babu ɗaukaka ƙara. Tun daga bakin gada har kasuwar albasa, kaf Malanville Yatsa-Uku ake ce masa, kuma yana amsawa da ƙarfinsa.

Kun tuna Juma'ar da Alhaji Garba mai atamfa ya ɓarje sabuwar rigar leshi? Kaka na gefensa a sahu. Liman ya sallame, ana cikin addu'a, sai Alhaji ya ji ana sosa masa haƙarƙari. Ya waiwayo a firgice.

"Lahiya, tsoho?"

"Lahiya lau, Alhaji. Riga ta yi kyau ƙwarai. Amma don Allah kada ka shiga gulbi da ita, ko ƙwan kihi ba shi tsira."

Rabin sahun nan sai da suka sake shafa fatiha saboda dariya. Abu ɗaya na san ya taɓa yabawa babu ƙorafi, shi ne ragar filin ƙwallo. Ya zura hannu har gwiwa, ya dawo gida yana cewa duk garin nan 'yan ƙwallo kaɗai ke tsoron Allah.

Ni ce Rabi, jikarsa, kuma a hannunsa na tashi don babana ya rasu ina goye. Kun san wasan kaka da jika: shi ya ce mini "uwargida", ni in ce masa "angon da ba ya cefane". To ku dariya kuka sha da yatsun nan, ni kuwa kuka na sha. Shi ya sa na ce bari in ba da nawa labarin da bakina, kafin 'yan gindin bishiya su yi masa kwaskwarima.

Kaka Basarke ne gaba da baya, wato masunci ɗan gado, kakanninsa daga Kabi suka biyo ruwa suka zauna nan. Da gwiwa ta ƙi, sai ya bar jirgi ya koma gyaran taru a gindin giyayyar nan ta matsayar jirage. Yatsu ukun kuwa ma'aunin sana'a ne: in idon taru ya ɗauki yatsu uku, ɗan kifi zai sulale ya je ya girma, babba ne kaɗai zai maƙale. Haka aka gada. Sai ga shi an fara rabon sange a asibiti, wato gidan sauro, wani mai kaifin basira ya lura idonsa ya fi na kowane taru ƙanƙanta, ga shi kuma kyauta. In ruwa ya fara janyewa, mutum biyu su kama bakinsa su ja a gefen fadama, su kwaso komai da komai, har wanda bai gama buɗe ido ba.

Wa ke sayen wannan kaya? Ni. Lokacin mijina ya rasu ya bar ni da yara huɗu, na dawo gidanmu, ɗakina jikin na Kaka. Mu bakwai ne a layin masu suya a bayan tasha, kowa da kaskonta. 'Yan kifin nan ba tsada, ba sa ɓata lokaci a mai, ɗan dako ya saya ya barbaɗa a garin rogo da yaji ya ƙoshi. Da su na ciyar da yarana, kuma har gobe ba na jin kunyar faɗa.

Ran wata kasuwa sai ga tsoho ya tsaya a gaban farantina. Ya ɗauki guda ɗaya ya ɗora a kan farcensa, ya kai shi kusa da ido.

"Uwargida, kin san ko wane na wanga?"

"Kihi na, Kaka. In kana saye ka saye, in ba ka saye ka matsa, kana tare min ciniki."

"Wanga giwan ruwa na. Da an bar shi, wata rana sai maza biyu sun kama ɗaukar shi. Ke kin soye shi da ƙannenai duka kan dala biyar."

Raina ya ɓaci, don a gaban mutane ne. Na ce, "To ɗiyana su ci mi? Yatsunka?"

Ya mayar da ɗan kifin a hankali inda ya ɗauko shi. Ya ce, "Kina da gaskiya. Amma ni daga yau na yi yaji. Ba ni ƙara cin abin da hannunki yat taɓa sai ran da kinka bar suyar jarirai."

Kulu, wadda kaskonta ke kusa da nawa, ta kwashe da dariya har tana buga cinya. "Jama'a ku zo ku ga ikon Allah, namiji da yaji!" Ni ma na yi dariya. Da yamma na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, abin da ya fi so a duniya, na kai masa. Akushin ya dawo ko buɗe shi ba a yi ba. Washegari haka, jibi haka. Wallahi tallahi shekara biyar cur tsohon nan bai ci girkina ba! Koko ya saya da safe, fura wajen Fulani da rana, da yamma ya jiƙa garin rogo da ƙuli. Gida ɗaya, katanga ɗaya tsakaninmu. Mu gaisa, mu yi wasanmu, ya goya mini ƙaramin ɗana, amma ko ruwa na ɗebo sai ya ce in ajiye moɗar, ya ɗeba da kansa.

Abin ya ci mini rai ba kaɗan ba. Mata a gidan biki suna zunɗe, wai Rabi ta bar tsoho da yunwa. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne mutumin nan ya haura tamanin, shi ya tauna abinci ya sa mini a baki ina jaririya, kuma ina tsoron ya koma ga Allah bai ƙara cin loma ɗaya daga hannuna ba. Amma in na bar suya, yarana fa? Ga kuma taurin kai, wanda ba a kasuwa na saye shi ba, a gida na gaje shi.

Kada ku ɗauka shi tsaki kawai ya iya. A shekarar farko ma'aikatan ruwa da daji suka zo da jandarma biyu, suka bi gidajen masunta suka tattara sange, suka tara a bakin gulbi suka banka masa wuta. Jama'a suka ruga gindin giyayya don su yi wa Kaka albishir, suka tarar ko kai bai ɗaga daga ɗinkinsa ba. Sale, masuncin da ke kawo mini kaya, wanda nasa biyu ke cikin wutar, ya ce da ɗaci, "To tsoho, tashi ka taka rawa, bukata ta biya."

Kaka ya ce, "Sa'annan mi?"

"Sa'annan ba sauran sange."

"Sa'annan ɗiyanka su ɗauki azumi? Sa'annan Rabi ta soya tsakuwa? Kai Sale, ran Laraba ina ganinka da sabo."

Talata ma ya gan shi. Abin da wutar ta ƙara kawai shi ne masunta suka koma yi a ɓoye, can cikin ciyawar burgu inda idon ma'aikata ba ya kaiwa, wurin da kifi ke zuba ƙwai. Gara jiya da yau.

Wannan "sa'annan mi" kuwa ita ce masifarsa ta biyu bayan yatsu. Ka ce masa za ka sayi akuya, ya ce sa'annan mi. Ta haihu. Sa'annan mi? Su yi yawa. Su ci mi? Gonar wa? Ku yi faɗa da wa? Kafin ya sake ka, ya kai ka gaban alƙali, ya aurar da 'yarka, ya binne ka, akuyar ko gani ba ka yi ba. Na san mutum biyu da suka fasa ƙarin aure saboda sun yi kuskuren neman shawararsa.

Sai ga 'yan furoje, masu aikin tallafi, sun iso, da wata Madam daga Kwatano, mace mai kirki da fara'a, Allah ya sani. Aka tara mu a wani zaure, masunta da masu suya, ta manna babbar takarda a bango ta zana akwati uku da kibiya tsakaninsu. Tafinta ya juya mana da Dendi da Hausa: akwatin farko, masunta ba su sani ba, na biyu, a wayar musu da kai, na uku, kifi ya dawo. Aka tafa. Ni dai ido na kan Kaka, don na ga hannunsa ya fara tashi, na ce a raina yau mun shiga uku.

"Tambayam min ita," in ji shi, "cikin masuntan ga wane na bai san jariri shina girma ba?"

Sale ne ya yi ta maza ya ce, "Wallahi mun sani. Amma in ni na bari, wane shi kwashe. Ni in tashi da sani, shi shi tashi da kihi."

Kaka ya laluba aljihu ya zaro wani tsohon guntun taru, ya sa mutum huɗu suka kama kusurwoyinsa suka miƙe shi. Ya ce Madam ta zo ta ja ƙulli ɗaya, duk wanda ta ga dama. Ta ja. Tarun gaba ɗaya ya karkace.

"Nawa kinka ja? Guda. Nawa sunka motsa? To haka garin ga yake. Wanga ƙulli Sale na, wanga Rabi ta, wanga ɗan dako mai saye, wanga asibiti mai rabon sange, wanga kuwa sauro na da kainai. Ke kin taho muna da kibiya miƙaƙƙiya. Ɗiyata, leƙa waje ki duba, gulbin ma ba miƙe yake tahiya ba."

Madam ta yi ta rubutu, ta ce to a ganinsa me ya kamata a yi.

"Ban sani ba."

Tafinta ya ce, "Baba, haka zan hwaɗa mata?"

"Haka nan. A taɓa nan a ga abin da ka motsi, a taɓa can a gani, in an yi ɓarna a gyara. Duk wanda yac ce ya san ƙarshen abin ga tun daga hwarko, ko boka na ko ɗan furoje."

Tafinta dai ya haɗiye rabin ƙarshen. Da aka kawo abincin rana, burodi da sadin na gwangwani, Kaka ya buɗe nasa ya leƙa, ya jera yatsu a gefen kifin, ya ture gwangwanin. "Ashe har ƙasar Turawa an raba sange!" Burodin ya ci gaya. Amma kafin a watse sai da ya bi kowa ya karɓe gwangwanayen da aka cinye, ya wanke, ya shekara yana ajiye allurai da ƙugiya a ciki.

Daga nan ya fara nasa taɓe-taɓen. Ya hau kabu-kabu ya tafi Garu wajen amininsa Alfa Musa, manomin albasa, wanda kullum kukansa kaji da fara da ruwan sama mai duka suna lalata masa irin da yake reno. Kaka ya ce a gwada rufa wa irin sange. Aka gwada, iri ya tashi kore shar. Nan take ya ƙulla ciniki: masunci ya kawo sangensa gindin giyayya, manoman albasa su karɓa su ba da zare, shi kuma Kaka ya saƙa wa masuncin taru mai yatsu uku, ladansa a lahira. Abu ya kankama. Tsoho ya riƙa tafiya yana ɗaga hula, har ya fara yi mini kallon tausayi.

Abu ya kankama har ya wuce gona da iri. Manoman Garu da Madekali suka yi ta neman sange, zare kuwa kuɗi ne ko ba ka kamun kifi. Mutanen da ko ƙafa ba su taɓa tsomawa a gulbi ba suka kwance na kan gadajensu suka kawo. Shi kansa gogan, don ya nuna misali, nasa ya fara bayarwa. Damina ta sauka, sauro ya samu gari a buɗe, asibiti ta cika har baranda. Lokotoro, wato likita, ya aiko a kira masa "tsohon nan mai kwashe sange", aka ce masa ai yana kwance, zazzaɓi ya kayar da shi tun shekaranjiya.

Na dama kunu na kai, ya ce sai dai maƙwabciya ta dama wani. Haushi ya kama ni, na tsaya a bakin ƙofa na riƙe ƙugu. Yana cikin bargo biyu, haƙora na kaɗawa.

"To angona," na ce, "sa'annan mi?"

Daga ƙarƙashin bargo na ji murya na rawa: "Sa'annan allura, ɗiyar banza."

Da ya miƙe bai ɓoye ba, a gaban kowa ya ce, "Na ja ƙulli, ƙulli ya ja ni." Ya kafa sabuwar doka: ba a karɓar sange sai tsoho wanda ya yage. Mutanen Malanville, Allah ya shirye mu! Kafin sati aka fara kawo sababbi fil an yaga su da reza. Wani ma ko takardar jikinsa bai cire ba. Na ce yau kam tsoho zai haƙura. Ina! Sai ya je ya ɗauko tsofaffi biyu, Inna Dije da Inna Hawa, ungozomomin unguwa, waɗanda babu ɗakin da ba su shiga ba, ya shimfiɗa musu tabarma kusa da tasa. In an kawo sange, Inna Dije ta shinshina ta ce, "Wanga ko hayaƙin damina guda bai sha ba. Ba kai na mijin Balki ba? Mai da shi gadon mai jego, marar kunya!" Ƙato da gemunsa ya naɗe kayansa ya juya sumui-sumui. Abin da jandarma biyu da bindiga suka kasa, tsofaffi biyu da goro a baki suka yi shi.

Amma ya san muddin muna saye, za a kamo. Don haka ya juyo kan layinmu. Da farko ya shirya da wata mai banda a Madekali da za ta koya wa mata ƙyafe manyan kifi, da wani ɗan kasuwa daga Kamba da ke neman irinsu. Sannan ya bi abokan sana'ata shida gida-gida, kowacce ita kaɗai. Abin da kowacce ke cewa ɗaya ne: ita ta yarda, amma in ta bari sauran za su kwashe mata masu saye. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ɗiyata, shi yas sa niz zo. 'Yan layinku sun amince ran Litinin su bari. Saura ke." Wa ke son a ce ita ce saura?

Ran Litinin mata shida suka iso da babban kifi, karfasa yankakkiya, kowacce na sunne kai. Kulu ta dubi ta kusa da ita ta ce, "Ki gahwarce ni, ni nit tsai da ku." Waccan ta ce, "A'a, ni dai za ku gahwarta wa." Ta uku ta ce, "Ku dakata. Ba ni ta saura ba?" Kan ka ce kwabo asiri ya tonu. Suka ɗunguma gindin giyayya da matsaman suya a hannu, ni ma na bi don kada a ba ni labari.

"Tsoho da hurhura kana ƙarya!" in ji Kulu.

Ko gezau. Ya ce, "Kun bari ko ba ku bari ba?"

"Mun bari, amma..."

"To gaskiya nih hwaɗi. Na dai riga ta isowa da kwana uku."

Ni ce ta bakwai, kuma ni kaɗai bai zo wa ba. Abin ya sosa mini rai, na tare shi a gida na tambaye shi dalili. Ya ce, "Ke jinina ta. In nac ce maki saura ke, cewa za ki yi to a bar ki saura har tashin kiyama." Haushin da na ji shi ne gaskiya ya faɗa. Na ci gaba da suyata ni kaɗai, ciniki ma ya ƙaru tunda babu kishiyar faranti. A baki ina cika, a zuci kuwa tsoro ne fal: babban kifi na son jari, in bai ƙare ba ya lalace, ni kuwa ba ni da mai tallafa mini in na faɗi.

Ana nan abubuwa suka riƙa motsi ta inda ba a zata ba. Sarkin ruwa da dattawa suka yarda a rufe wata fadama a bayan Madekali daga janyewar ruwa har ƙarshen sanyi. Zabiyar unguwarmu ta fito da waƙar shaguɓe a kan angon da ke kawo wa amarya kifin da sai an sa tabarau ake gani, samari suka fara jin kunya. Matan layinmu suka soma samun riba a banda, masunta suka ga babba ɗaya ya fi kwanon jarirai daraja. In kun tambaye ni ranar da abin ya juya, ban sani ba, don ba a yi shela ba, ba a yanka rago ba. Kuma ba a gama ba, har yau akwai masu jan sange a wasu wuraren, kun san su na san su. Amma kifin da ke shigowa kasuwa yanzu, ku da kanku kun ga bambanci.

Da zan so in ce muku tuba na yi, zuciyata ta karaya saboda wa'azin kakana. Ƙarya ne. Sale ne ya zo wata safiya ya dire mini kwando ya ce, "Rabi, ba ni ƙara jiƙa wandona don faranti guda. Ga karfasa, ki saye ko ki bari." Na zage shi tas, na saya. Kulu, Allah ya saka mata, ta zauna ta nuna mini yadda ake yanka da yadda ake ƙyafe wanda ya kwana. Kafin azahar faranti ya ƙare.

Ranar da gudu na koma gida, da yankin da ya fi kowanne tsoka a kwano. Lokacin Kaka ya daina fita, ƙafafu sun kumbura, sai an tayar da shi yake zama. Na durƙusa na ce, "Angona, yaji ya ƙare. Na bari."

Ya leƙa kwanon, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Sai ya ce, "Cikin wane kasko kinka soya?"

"Kaskona mana."

"Wanda yas sha jarirai shekara da shekaru? A'a. Kaskon ga sai ya yi idda. Kwana arba'in."

"Sai in sayi sabo yanzun ga!"

"Hannun fa? Shi ma sabo za ki saye?"

Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Na ɗaga masa murya yadda ban taɓa yi ba, na ce, "Kai Kaka, ka dubi kanka! Wa yab ba ka tabbacin kwana arba'in?" Ya ce, "Wanda yab ba ki." Na kwashi kwanona na fita ina rantsuwa ba zan ƙara kula shi ba. Amma kullum da asuba sai na kasa kunne a jikin katanga, in na ji tarinsa in ce alhamdulillahi, in cire kwana ɗaya. Ban taɓa ganin kwanaki masu nauyin waɗannan ba.

Ran kwana na talatin da ɗaya, bayan la'asar, na ji yana ƙwala mini kira. Na shiga na same shi ya rame ƙwarai, idanu sun faɗa.

"Uwargida," in ji shi, "na yi bincike cikin littattahai. Ashe kuskure niy yi. Iddar kasko wata guda ta."

Mutumin da ko alif bai sani ba in ta sha masa gaba! Na so in yi dariya, sai na dubi fuskarsa na gane abin da yake gaya mini. Na tashi na fita. An buɗe fadamar Madekali a satin, Sale ya kawo mini wata karfasa mai faɗin tafi biyu. Na yi masa romo da albasa da ɗan daddawa, na zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya, na tallafo kansa na ba shi da ludayi.

Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Sannan ya ce, "Gishiri ya yi yawa." Ya buɗe baki a ƙara. Sai da ya shanye kwanon kaf.

"Shekara biyar ina jin ƙanshin miyarki ta katanga," in ji shi. "Wata rana hawaye na ka jiƙa min garin rogo."

Na ce, "To Kaka, mi ag amfanin wahalar ga duka? Ba yajinka yas sa nib bari ba. Sale na."

Ya yi ɗan murmushi. "Na sani. In jirgi ya kai gaci, wa ka iya nuna bugun filafilin da yak kai shi? Ni dai nawa nib buga. Gobe ki rage gishiri."

Na rage, ya ce ya yi kaɗan. Kwana tara ina dafawa yana ci yana kushewa, tuwon shinkafa, miyar kuka, dambu, duk abin da ya yi kewa sai da ya lissafo. Ranar ta goma da hantsi, ina tsaye a kan tukunya, Inna Dije ta fito daga ɗakinsa ta dafa kafaɗata. Sai bayan an kai shi an dawo Kulu ta ƙirga da yatsu ta ce mini ranar ce arba'in ɗin farko za ta cika. Mutumin da bai taɓa sassauta wa jandarma ko Alhaji ko cikinsa ba, ya ji tafiya ta matso, ya rage mini kwana tara.

Allah ya jiƙan Kaka Manu, ya yafe masa kurakuransa har da 'yar ƙaryar nan ta kwana uku. Yadda ya tausaya wa ƙananan halittu, ya Allah ka tausaya masa, ka yalwata kabarinsa, ka ciyar da shi abincin da ba zai samu abin kushewa a ciki ba. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.